Ƙuruciya a Gefen Rinji: Baba ta Karo, Mark Twain da Batun Wane ne Mawallafi

Duk wanda ya saba karanta tarihin marubutan Hausa na farko zai lura cewa daga ƙofar makaranta ake fara labarin. An haifi wane a gari kaza, ya yi karatun allo, aka sa shi elementare, ya wuce Midil, ya shiga Kwalejin Katsina. Shekaru goman farko, waɗanda a cikinsu ne kunnen yaro yake koyon yadda ake jan zance da inda ake tsayawa a bar mai sauraro da ƙishirwa, sai a dunƙule su a jimla guda. Haka ake yi wa Abubakar Imam da aka haifa a Kagara a 1911, haka ake yi wa Abubakar Tafawa Ɓalewa, haka kuma Muhammadu Gwarzo mai Idon Matambayi. Manazarta adabin Amurka ba su bi wannan hanya ba. A wurinsu ƙuruciyar marubuci fage ne na bincike mai zaman kansa, kuma da wuya a sami wanda aka tone tasa kamar Samuel Clemens, wanda duniya ta sani da Mark Twain.

Abin da nake son in kafa a nan shi ne, ba rashin abin karantawa ya jawo mana wannan giɓi ba. Cikakken labarin ƙuruciya daga ƙasar Hausa ta ƙarshen ƙarni na 19 yana nan a buge tun 1954, daga ƙasar Karaye da Rogo ya fito, daga bakin macen da ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Matsalar ita ce an ajiye shi a kantar ilimin nazarin al'umma, aka kira mai labarin da sunan wadda aka yi wa tambayoyi, muka karɓi wannan rabo ba tare da gardama ba. Ina ganin wannan mace, Baba ta Karo, mawallafiya ce, kuma idan aka jera ƙuruciyarta da ta Twain za a ga abin da ya raba su ba baiwa ba ce.

Sai a fara da ƙasar. Karo ƙauye ne na manoma kusa da Zarewa, wadda a yau take cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rogo; Rogo kuwa da Karaye su ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye kamar yadda dokar Kano ta 2024 ta tsara. A zamanin da ake magana, nan ne ƙasar Kano take haɗa kafaɗa da Zazzau da Katsina. Zaman kan iyaka yana da daɗi idan ana lafiya, domin fatake suna ratsowa, kasuwanni suna ci, mutum yana da dangi a masarautu uku. Idan babu lafiya kuwa, mai kan iyaka shi ne na farkon shan duka, kuma shi ne na ƙarshen samun gudummawa daga birni. Maraɗawa sun daɗe suna kai hari yammacin Kano, yaƙin basasar Tukur da Yusufawa ya girgiza ƙasar daga 1893 zuwa 1895, daga kudu maso yamma kuma ga mahayan Kwantagora. Shi ya sa ganuwar Zarewa ta zama wani ɓangare na rayuwar mutanen Karo: gona da rumbu suna waje, mafaka tana ciki.

Ana sa haihuwar Baba a 1877, rasuwarta a 1951. Zuri'arsu Barebari ne da suka taso daga Barno, kakansu Ibrahim Dara, mahaifinta Tsoho manomi ne kuma malamin allo. Gida ne mai rinji, wato mai ƙauyen bayi, kuma a nan ne labarinta ya fi nauyi. Ta faɗi yadda ake fita gandun ubangiji da hantsi, a yi ta noma har azahar, a kawo abincin rana daga gidan mai gandu, sannan kowane bawa ya koma gayaunarsa ya nome abin da zai zama nasa. Ta faɗi yadda ake sayo bawa a kasuwa a yi masa aure, yadda 'ya'yan da aka haifa a gidan suke tashi tare da 'ya'yan gida, ana kiran juna da sunayen zumunci, ana wasa ɗaya a dandali, amma kowa ya san matsayin kowa ranar rabon gado. Ba ta ɗaga murya ba a duk wannan. Yadda ta ba da labarin talla da ƙawance da tsarance da kunyar ɗan fari, haka ta ba da labarin rinji, a matsayin abin da ta buɗe ido ta tarar.

Sai dai gidan da yake mallakar bayi shi ma yana kwana da tsoron a mai da shi bawa, kuma wannan shi ne babban abin da ya bambanta bautar ƙasar Hausa da ta Amurka, inda launin fata ya shata layin da ba a tsallakewa ta ɗaya ɓangaren. Baba ta ba da labarin mahayan Mai Sudan, wato Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, da yadda aka kama mata da yara daga cikin danginsu, aka bi sawu, aka tara wuri aka fanso su. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar, zai gane duniyar nan take: yaron da aka sace, uwar da ta bi shi ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane. Amma Tafawa Ɓalewa an haife shi ne a 1912, bayan an rufe kasuwannin bayi. Ji ya yi daga manya. Baba kuwa tana cikin waɗanda suka yi gudun shiga gari. Duk da haka Shaihu Umar muke koyarwa a ajin adabi, littafinta kuma mu bar wa masu nazarin aure da dangantaka.

Yanzu ga ɗaya yaron. An haifi Samuel Clemens ranar 30 ga Nuwamba 1835 a wani ƙauye mai suna Florida a jihar Misuri, yana shekara huɗu iyayensa suka koma Hanibal, ƙaramin gari a bakin kogin Misisipi. Shi ma garin kan iyaka ne ta wata fuska: Misuri jihar bauta ce, tsallaken kogin kuwa jihar Illinois ce, wadda dokarta ta hana mallakar bayi. Mahaifinsa John Marshall Clemens lauya ne kuma alƙalin ƙaramar kotu, mutum mai ji da asali da ƙarancin sa'a a kasuwanci. Ya mallaki bayi, talauci ya sa ya sayar, daga baya gidan ya koma hayar bayin wasu. Ya rasu a 1847, Samuel yana da shekara goma sha ɗaya. Ba a daɗe ba yaron ya bar makaranta.

Kafin wannan rasuwa, yakan yi watannin bazara a gonar mijin innarsa, John Quarles, kusa da ƙauyen da aka haife shi. A can akwai bayi da dama, cikinsu da wani dattijo mai suna Daniel, wanda yara farare da baƙaƙe suke kewayewa da dare a ɗakin girkinsa yana ba su tatsuniyoyin fatalwa. Twain da kansa ya faɗa cewa wannan mutum ne ya zama Jim, bawan da ke cikin littafinsa Huckleberry Finn, kuma ɗaya daga tatsuniyoyinsa, ta matar da aka binne da hannun zinariya, ya yi ta maimaita ta a gaban jama'a har tsufansa, yana koyar da cewa sirrinta yana cikin ɗan shirun da ake yi kafin a firgita mai sauraro. Wato babban marubucin Amurka a bakin murhun bawa ya koyi sarrafa numfashin labari. Bahaushen da ya tashi yana jin gatanan gatananku daga bakin kaka ko wata tsohuwar gida ba zai ga baƙon abu a nan ba. Twain ya kuma shaida cewa yana yaro bai ga aibun bauta ba, domin babu wanda ya kushe ta a gabansa, limaman coci ma hujja suke kafa mata daga littafi. Abin da ya maƙale masa shi ne hotuna: wasu bayi kamar goma sha biyu da ya gani ɗaure da sarƙa ɗaya a bakin tashar jirgin ruwa, suna jiran a kai su kasuwar kudu.

Har zuwa nan yaran biyu tafiyarsu ɗaya. Inda suka rabu wuri biyu ne.

Na farko shi ne ɗakin ɗab'i. A 1848 aka kai Samuel koyon aiki wurin Joseph Ament, mai jaridar Missouri Courier, ba albashi sai ci da sutura. Aikin shi ne a tsaya gaban akwatin haruffan dalma, a tsinto su ɗaya bayan ɗaya a jera a juye, kalma bayan kalma, har shafi ya cika; bayan an buga a wanke a mai da kowane harafi gurbinsa. Yaron da ya yi shekaru yana wannan, jimlolin mutane sun bi ta yatsunsa dubbai, masu kyau da marasa kyau, ya san nauyin kowace. A 1851 ya koma jaridar wansa Orion, inda ya fara saka nasa ƙananan rubuce-rubucen barkwanci, a 1853 ya bar Hanibal yana yawon ɗab'i daga birni zuwa birni. Daga 1857 ya koyi tuƙin jirgin ruwa a hannun Horace Bixby, ya sami lasisi a 1859, yaƙin basasa ya tsai da zirga-zirgar kogin a 1861, ya bi wansa Nebada, a can ya fara sa hannu da sunan Mark Twain a 1863. Duk wannan yawo, hanyar da ke kai magana ga takarda ba ta taɓa rufe masa ba. Baba kuwa, a gidan malami ta tashi, allo da tawada suna zaure, amma rabon 'ya mace a cikinsu bai wuce abin salla ba, ajamin da ake rubuta waƙa da wasiƙa da shi kuma ba a saba zuba labarin rayuwar mace a cikinsa ba. Ko a gidan Shehu, inda Nana Asma'u ta yi rubutu da harsuna uku, wa'azi da marsiyya da tarihin jihadi aka rubuta, ba yadda aka yi wasan 'yar tsana ba. Sai da ta haura shekara saba'in sannan wani alƙalami ya zauna a gabanta, shi ma na baƙuwa.

Na biyu ya fi wannan zurfi. Twain ya sami damar juyowa ya kalli ƙuruciyarsa daga wajen ta. Mutumin da ya yi makonni biyu cikin 'yan sa-kai na ɓangaren masu bayi a 1861, shi ne ya auri Olivia Langdon a 1870, 'yar gidan da aka sani da yaƙi da bauta, ya kuma zauna maƙwabtaka da Harriet Beecher Stowe a Hartford. Tom Sawyer na 1876 Hanibal ce da aka wanke aka shafa mata mai, da ƙyar ake ganin bawa a ciki. Huckleberry Finn, wanda ya fito a Ingila a 1884, a Amurka a 1885, ita ce Hanibal ɗin da ya koma ya tuhuma. Dabararsa kuwa ita ce bai yi tuhumar da bakinsa ba. Ya sa labarin a bakin yaro jahili, yaron da ya yarda ƙwarai cewa taimakon bawa ya gudu sata ne kuma zunubi ne, har ya rubuta takardar tona asirin Jim, sannan ya yayyaga ta yana mai imanin cewa ya zaɓi wuta ke nan. Mai karatu ne yake ganin abin da yaron bai gani ba.

Muryar Baba, abin mamaki, tana aiki a kan mai karatu kusan irin wannan aikin, sai dai babu wani marubuci a bayan labule da ya shirya hakan. Ita ba ta fita daga duniyarta ba. Daga Karo zuwa Zarewa zuwa Giwa a ƙasar Zazzau, duk gida ne. Da ta zo kan zuwan Turawa, waɗanda suka kama Zariya a 1902 da Kano a Fabrairun 1903, abubuwa biyu ta faɗa waɗanda ba su jitu ba, ba ta kuma damu da ta sasanta su ba. Ta ce su Haɓe sun yi maraba da zuwan, domin hare-hare sun ƙare, hanya ta yi lafiya, sarakunan Fulani ne ba su so. Ta kuma faɗi yadda bayi suka watse daga rinjin gidansu, arziƙin iyayenta ya ja baya, noman ya koma kan 'ya'yan gida. Masana tarihi irin su Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun nuna yadda abin ya ja lokaci: dokar 1901 ta 'yanta waɗanda za a haifa daga Afrilun shekarar, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Baba ta ba da yadda wannan jan ƙafa ya kasance a tsakar gida ɗaya. Wani zai ce rashin hukuncinta rauni ne. A ganina shi ne ƙarfin littafin, domin mai ba da labarin da bai san ana tuhumarsa ba ba ya ɓoye kaya.

Akwai hujjoji biyu da za a kawo a kan kiran ta mawallafiya, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce hannun Mary Smith. Ita ce ta zauna da Baba tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, lokacin da mijinta M. G. Smith, ɗan Jamaika, yake binciken da ya haifar da littattafansa kan tattalin arziƙi da sarautar Zazzau. Ita ta rubuta abin da aka faɗa da Hausa, ta juya shi zuwa Turanci, kamfanin Faber ya buga a Landan a 1954, da sunanta a bango, Baba tana da shekara uku a ƙasa. Ba shakka buƙatar mai bincike ta ja zancen zuwa wasu wurare. Yawan bayanin bikin aure da suna da bori yana da ƙanshin tambaya. Amma wane littafin Hausa na wancan zamani ne ya kuɓuta daga irin wannan hannu? East ne ya faɗa wa malaman Katsina irin labarin da yake so, shi ya gyara, a Jiki Magayi ma sunansa yana gefen na John Tafida. Imam ya zauna da shi a Zariya aka tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiya da Turai kafin Magana Jari Ce ta fito. Ba mu taɓa cewa wannan ya cire Imam daga mawallafa ba, kuma daidai ne da ba mu ce ba, domin harshen da tsarin nasa ne. Shifta ma ba ta kore mallaka. Twain kansa, daga 1906, tarihin rayuwarsa faɗa ya yi wata mai saurin rubutu tana ɗauka, sau da yawa yana kishingiɗe a gado, domin ya gamsu cewa baki ya fi alƙalami gaskiya wajen irin wannan labari. Da aka fara buga cikakkensa a 2010, babu wanda ya sa sunan mai ɗaukar shiftar a matsayin marubuciya.

Hujja ta biyu ita ce Baba ba ta ƙaga komai ba, abin da ya faru ta faɗa. Wannan ya dogara ga ɗaukar cewa adabi shi ne ƙirƙirar abin da bai faru ba, ma'aunin da ko Ganɗoki na Bello Kagara, mai cike da sarakuna da yaƙe-yaƙe na gaske, ba zai cika shi sarai ba. Aikin mai labari zaɓe ne: wa za a shigo da shi, yaushe, da wace magana a bakinsa. A duba yadda ta kawo aurenta na fari. Auren zumunci ne da ɗan'uwanta Duma, ta yarda don kada ta kunyata mahaifinta, alhali zuciyarta tana wurin Malam Maigari, wanda ta aura daga baya. Ba ta zagi Duma ba, ba ta mai da kanta abin tausayi ba. Ta nuna mutumin kirki da ba a so, wanda ya fi mugun miji wuyar bayyanawa. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan wasu, kuma ta ratsa wannan rashi da 'yan kalmomi kaɗan a inda ƙaramin marubuci zai cika babi da kuka. Wanda ya san kunyar Bahaushiya ya san cewa gajarta zancen ita ce faɗinsa.

A nan ne za a ga amfanin mai da littafin cikin jerin adabi. Idan aka fara tarihin zube na matan Hausa daga shekarun 1980, sai a ga kamar Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana 'yar shekara goma sha uku, ta fito ne daga sarari da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. Amma auren dole, kishi, saki, komawa gida, dabarun da mace take bi ta kuɓuta ba tare da ta fito fili ta yi tawaye ba, duk suna bakin Baba shekaru talatin da wani abu kafin nan. Bambancin shi ne Balaraba ta sami abin da Twain ya samu: ta koma karatu, ta riƙe alƙalaminta, ta juyo ta yi wa ƙuruciyarta hukunci da sunanta a bango.

Saura mutanen da littattafan biyu suka tsaya a kan kafaɗunsu. Daniel ya ba Twain murya da tatsuniya, abin da ya samu shi ne ya zama Jim, wanda marubuta baƙaƙen Amurka irin su Ralph Ellison da Toni Morrison suka nuna cewa mutuncinsa yana leƙowa ne ta bayan fuskar wasan da aka ɗora masa, musamman a ƙarshen littafin inda Tom ya mai da 'yancinsa abin nishaɗi. Bayin rinjin Karo ma ta bakin 'yar ubangijinsu muka san su, kuma duk adalcinta, daga inda ake aiko da abincin rana take kallo, ba daga kunyar da ake duƙe a kanta ba. A Hanibal an fara cike wannan giɓi: Terrell Dempsey ya bi takardun kotu da jaridun garin ya fitar da littafi kan bayinsa a 2003, a 2013 kuma baƙaƙen garin suka buɗe gidan tarihi da sunan Jim. A tsakanin Zarewa da Karaye aikin zai fi haka wuya, ba don jikokin ba su nan ba. Sun saje, sun yi auratayya, wasu sun fi jikokin masu rinjin arziƙi da ilimi, kuma asalin bauta magana ce da ba ta fitowa sai a ɓoye, ranar da ake binciken neman aure. Mai binciken da ya shiga ƙauye da rakoda yana tambayar wane ne kakansa ya noma gandun wani, ba za a kore shi ba. Za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa fura, a ba shi labarin Mai Sudan.